Ranar da Injiniya Ya Sa Amfilifaya a Kabad

Duk unguwar babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mayar da shi injiniya. Shi da kansa ya sayo fenti, ya rangaɗa sunan a jikin teburin da yake sayar da caja da rigar waya a bakin titi, tun daga ranar kuma sunan ya bi shi. In ka kai masa waya ta lalace, zai juya ta, ya hura mata iska, ya kara a kunne, sannan ya girgiza kai ya ce ciwon nata ya yi nisa, amma ka fara sayen sabuwar caja a gani. Hannunsa dai ba a shaide shi da gyara komai ba. Baki kuwa Allah ya ba shi, irin mutanen nan ne da inda ba ƙasa nan suke gardamar kokawa.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata. Tana da wa guda ɗaya, wanda duk gidan hayar suka ara bakinta suna kiransa Yaya. Wata bakwai ke nan Yaya yana zaune ba aiki, tun da kamfanin da yake tuƙa wa mota ya rufe, ga 'ya'ya huɗu. Abin da ya rage masa a duniya jitarsa ce ta lantarki, wadda yake kaɗawa tun yana saurayi, da amfilifayarta, wani baƙin akwati mai sifika a ciki, wanda in an jona jitar yake ɗaga muryarta.

Ran nan da yammacin Juma'a Yaya ya zo da labari. Shugaban makaɗan wani otal yana neman mai jita, aiki na dindindin, albashi duk wata. Su uku ke nema. Shugaban ya ce kowa ya ɗauki kiɗansa na minti uku ya tura masa ta waya kafin ƙarfe huɗu na yammacin gobe, wanda bai turo ba ya cire kansa. Wani abokin Yaya mai sutudiyo ya yi masa alherin awa guda kyauta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Malama ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Injiniya kuwa ya ajiye kofin shayinsa a hankali, kamar wanda aka zaga.

"Sutudiyo?" ya ce. "Haba Yaya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa? Ina cikin dangi za ka kai kiɗanka wurin yara su jagwalgwala?"

"Ka taɓa ɗaukar kiɗa ne?" in ji Malama.

"Ki tambayi kifi ko ya taɓa wanka."

"Kifi na gan shi a ruwa. Kai a ina na gan ka?"

Bai kula ta ba. Ya juya ya fuskanci Yaya, ya shiga zuba. Wai 'yan sutudiyo matse sauti suke yi har ya bushe. Wai manyan makaɗan duniya yanzu a ɗakin kwana suke aikinsu. Wai abu uku kawai ake buƙata, waya da ɗaki da kunne. "Waya ina da ita. Ɗaki ga shi. Kunne kuwa," ya kama nasa na dama ya ja, "wannan da kake gani, in sauro biyu suna kuka, ina gane macen."

Yaya mutum ne mai kawaici, bai iya kallon idon mijin ƙanwarsa ya ce a'a ba. Ya yi ta sosa ƙeya, Injiniya yana ta zuba, har dai ya ɗauki waya ya kira abokin nasa ya ce a ba wani awar. Nan take kuwa aka ba wani. Malama ta kalli mijinta kallon da ya daɗe bai gani ba, ta kwashe kofuna ta shige.

Washegari da sassafe Injiniya ya ɓuya a bayan gida ya yi karatun aikin. Bidiyo biyu ya kalla a waya. Na farko bai gane komai ba sai cewa ana manna wani abu mai tudu-tudu a bango. Na biyu yana cikin tafiya, mai bayanin ya ɗaga yatsa ya ce, abu ɗaya da ba za ka taɓa yi ba shi ne, sai data ta ƙare. Injiniya ya sa wayar a aljihu ya ce ai sauran duk ya sani.

Kafin ƙarfe tara ya aro kiret ɗin ƙwai talatin wurin mai shago, ya manne su a bangon ɗakin kwana da salatif. Ya kashe fanka, ya cire batirin agogon bango, ya rufe taga ya toshe ta da zannuwan gado. Da Yaya ya iso ƙarfe goma, jita a kafaɗa, amfilifaya a hannu, ɗakin ya riga ya zama gidan burodi.

"Me ya sa ɗakin yake ƙarnin ƙwai?" Yaya ya tambaya.

"Ƙamshin sutudiyo ke nan, Yaya. Zauna."

Gwajin farko, Injiniya ya murɗa amfilifaya har ƙarshe, ya manna wayarsa a jikin sifika, ya ce a buga. Yaya ya ja tsirkiya ɗaya. Kwanukan Malama suka amsa daga kicin, kiret huɗu suka zubo, ɗaya ya zauna a kan Yaya daram kamar an gwada masa hula. Da aka saurari abin da wayar ta ɗauka, ba ka jin komai sai ƙara irin ta mai yaga buhu.

"Ba ka ganin ya yi ƙarfi?" in ji Yaya a hankali. "Da an rage..."

"Yaya, kai da yatsu, ni da kunne. Kowa ya tsaya a layinsa. Wannan gwajin ɗaki ne, kuma ɗakin ya ci jarrabawa."

Ya rage ƙarar dai, amma sai da ya bari Yaya ya sunkuya yana gyara tsirkiya. Sannan ya jona wayar a ɗaya daga cikin cajojin da yake sayarwa, ya ɗora ta a kan amfilifaya. Sai ga wani gurnani ya taso daga sifika, zuuu, ba ya yankewa. Injiniya ya rufe ido, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa sama. Ya bi sautin da kunne har ƙofa, ya fita tsakar gida, ya tsaya a gaban firizar Iya.

Iya ita ce mai gidan hayar, kuma firizar nan da take sayar da ƙanƙara ta fi mata duk 'yan hayar daraja. Ta fita sayayya. Injiniya ya sunkuya ya zare filogin. A daidai lokacin, can cikin ɗaki, Yaya ya ga cajar ta tokare masa ƙafa ya cire ta, gurnanin ya ɗauke ɗif.

"Ka ji ko?" Injiniya ya dawo yana karkaɗe hannu. "Daga nan na ji ta. Firiza ce."

Yaya ya kalli cajar da ke hannunsa, ya kalli surukin nasa, ya ajiye ta ƙarƙashin kujera.

Gwaji na biyu ya fara kyau, sai keken ɗinkin Tela ya tashi a ɗakin da ke jikin nasu. Na uku, zakaran Iya ya hau taga ya yi cara. Na huɗu, aka ji wani abu yana ja yana saki a bayan kiɗan, ashe minsharin Baba Maigadi ne, tsohon da ke aikin dare a wani sito, yake rama barcinsa da rana. Ƙarfe goma sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Rigar Yaya ta jiƙe sharkaf, yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiya.

Malama ta leƙo. "Injiniya, ƙarfe ɗaya da rabi."

"Aikin gwani ba a duba masa agogo."

"Shugaban makaɗa yana da nasa agogon, kuma ba ka cire masa batir ba."

Ya fita ya fara da Tela, wani ƙato mai tef rataye a wuya. Tela ya ce yana da kaya shida da za a zo karɓa da yamma.

"Maigidana," in ji Injiniya, "kai da duk garin nan babu almakashi irin naka, minti talatin zai rage ka da me? Kiɗan nan har rediyo zai je. Zan sa a ambaci sunan shagonka."

"Wace rediyo?"

"Duka."

Tela ya ɗage ƙafa daga keke. Baba Maigadi kuwa da aka tashe shi ya fito da sandarsa, ido jawur, yana tambayar ina ɓarawon yake. Injiniya ya rusuna har ƙasa, ya ce masa ai a irin wannan babban aiki dole a samu dattijo mai tsaro, ya zaunar da shi a kujera ya ɗora masa zakaran a cinya, ya ce ya riƙe masa baki. Tsohon ya riƙe zakara yana gyangyaɗi.

Ana cikin haka Iya ta dawo. Tun daga ƙofar gida ta ga ruwa yana bin siminti yana zuwa tarye ta. Ta bi shi da ido har gindin firiza, ta ga filogi a ƙasa. Ta ajiye jakarta.

"Wane mai ƙarar kwanan ne?"

Tela ya nuna Injiniya da almakashi.

"Iya, ranki ya daɗe, ki tsaya ki ji. Hutawa na ba ta. Inji ma yana son hutu kamar mutum. Da ban cire ba, da yau ta ƙone, na ji tana tari tun daga ɗaki."

"Shekara tara tana aiki ba ta yi tari ba sai yau da ka zama likitanta?"

"Ai shi ya sa, Iya. Shekara tara ba hutu."

Iya ta mayar da filoginta, ta ce duk hannun da ya sake taɓa shi zai kwana a waje da kayansa. Sai da Malama ta fito ta ja ta gefe ta gaya mata abin da ake ciki, cewa aikin Yaya ne ke rataye a kan minti ukun nan, sannan ta sauko. Iya tana ganin mutuncin Yaya, shi ya taɓa kai ta asibiti a motar kamfani. Ta ce saboda shi za ta yi shiru, amma firiza ba za ta yi ba. Injiniya ya yi wa kowa alkawarin cewa da an gama, su za su fara ji, a tsakar gida, kafin duniya ta ji.

Ƙarfe uku saura kwata aka yi gwaji na biyar. Gida ya yi tsit. Yaya ya buga, ya kusa rabi, sai zafi ya gama narkar da salatif, sauran kiret ashirin da shida suka sauko gaba ɗaya kamar an kira su. Yaya ya tsaya, ya zare ɗaya daga wuyan jita, ya kalli ƙanwarsa. Ta ga tsoro a idonsa.

Shi ma Injiniya gabansa ya faɗi, sai dai shi in gabansa ya faɗi bakinsa ne ke tashi. Idonsa ya sauka a kan kabad ɗin kaya.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Dama jira nake su faɗo. An gama matakin farko. Yanzu sai ɗaki cikin ɗaki."

Kafin Malama ta buɗe baki ya kwaso kayanta na kabad ya zube a gado, har da waɗanda ta goge jiya. Ya cusa amfilifaya ciki, ya jingina wayarsa a gaban sifika, ya bi da filo huɗu da bargo biyu da katifar yara. Ya murɗa ƙara sama, wai don ta ratsa bargo.

"To in ka rufe, ta yaya za ka san abin da wayar take ɗauka?" in ji Malama.

Tambayar ta zo masa a ba-zata, amma bai nuna ba. Ya laluba jakar hajarsa ya zaro sabon iyafis, irin mai igiya, ya ɓare ledar da haƙori. Ya soka a wayar, ya danna ɗauka, ya zaro igiyar ta tsagin ƙofar kabad, ya toshe kunnuwansa biyu. Ƙofar ba ta rufuwa saboda katifa, don haka ya zauna a ƙasa ya danne ta da baya. Igiyar gajera ce, ɗan maɓallin da ke jikinta ya tsaya masa daidai ƙarƙashin haɓa.

"Me kake ji?" ta ce.

"Abin da kunnenki ba zai ɗauka ba."

Gaskiyar magana ba ya jin komai. Amma Tela da Iya da Baba Maigadi da zakara sun cika bakin ƙofa suna kallonsa, ba dama ya ce haka. Ya ɗaga wa Yaya hannu. Yaya ya yi bismilla, ya rufe ido, ya fara.

Kabad ya ɗauki rawa. Sautin yana fitowa a daƙushe, yana bugun bayan Injiniya kamar ana masa tausa. Shi kuwa yana gyaɗa kai, yana lumshe ido, wani lokaci ya ɗaga yatsa kamar ya kama wani abu a iska. Yana yi wa mutanen bakin ƙofa murmushi ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi. Dama halinsa ne, in yana cikin matsi ƙunƙuni yake yi ƙasa-ƙasa, kuma da rugugin kabad babu mai jin sa. Yaya ya buga minti uku cif bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya sauke hannu, hawaye ne a idon Malama.

Injiniya ya buɗe kabad, zafi ya bugo shi. Ya zaro wayar ya ɗaga sama. Ƙarfe uku da minti arba'in.

"Mu saurara tukuna," in ji Malama.

"Na riga na saurara. Ina kika ga likita yana shan maganin da ya rubuta? Yaya, kawo lambar shugaban makaɗan."

"Da dai an ɗan ji..." in ji Yaya.

"Lokaci, Yaya, lokaci."

Ya tura. Alama ta nuna saƙo ya shiga, ta sake nuna an buɗe. Sannan ya sa Tela ya ɗauko amfilifaya zuwa tsakar gida, aka jona a soket ɗin da ke kusa da firiza, Iya tana tsaye a kai. Matan ɗakunan baya suka fito, mai shago ya shigo bin kiret ɗinsa, har masu karɓar ɗinki biyu suka samu wuri suka tsaya. Injiniya ya jona wayar a amfilifaya, ya miƙa wa Tela ya riƙe, ya koma tsakiya ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, abin da za ku ji yanzu, ku riƙe ranar. Wata rana za ku ba jikokinku labari. Tela, danna."

Tela ya danna. Can nesa, kamar daga ƙasan rijiya, aka ji wani abu yana bum, bum. Sai numfashin mutum, kusa sosai. Sai murya ta fito tangaran ta cika gidan, muryar da kowa ya sani.

"Dubi Tela don Allah. Ya saki baki kamar ƙofar gareji. Mutumin da ya ɗinka min wando ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya."

Injiniya ya daskare da hannuwa a buɗe. Ya yi tsalle zai fizge wayar, Tela ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ya damƙi wuyan rigarsa da ɗayan.

"Bar shi ya yi," in ji Iya. "Mu ma mu ji namu."

Ba ta jira da yawa ba.

"Ita kuma Iya, an taɓa firiza kamar an taɓa mata ɗan fari. Ƙanƙarar da kafin ka kai ƙofa ta zama ruwa. Hmm. Baba Maigadi, barci dare, barci rana. Wata rana ɓarayi za su ɗauke shi da kujerar, sai sun sauke shi zai tambaya ina ne nan."

Mai shago ya durƙushe yana riƙe ciki. Masu karɓar ɗinki suka juya baya kafaɗunsu suna rawa. Baba Maigadi ya saki zakara ya laluba sandarsa.

"Sharrin na'ura ne," in ji Injiniya, murya a shaƙe. "Wayoyin yanzu suna haɗa muryar mutum..."

"Malama ta haɗe rai," in ji amfilifaya. "Yau za ta san wa ta aura."

"Na sani kuwa," in ji Malama.

Daga nan muryar ta yi shiru, sai bum, bum na jita can ƙasa. Injiniya ya fara addu'ar a ce ƙarshen ke nan. Sai numfashin ya dawo, da sauri wannan karon, muryar kuma ta canza, ta yi ƙasa, tana rawa.

"Wai me ya sa ba na jin komai a kunnen nan? Ko ba ya ɗauka ne? Wayyo. Ya Allah ka rufa min asiri. Wallahi ban san abin da nake yi ba. Ban taɓa yi ba, ko sau ɗaya. In bawan Allahn nan ya rasa aikin nan saboda ni, ina zan sa kaina? Yaransa huɗu."

Dariyar ta tsaya. Sautin ya ƙare. Tela ya saki rigar a hankali. Injiniya ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi, ya rasa inda zai ajiye idonsa. Yaya yana tsaye da jita a hannu, fuskarsa ta yi fari. Abin da aka tura wa shugaban makaɗa ke nan a matsayin kiɗansa.

"In ka soka iyafis," in ji Malama, ba tare da ta ɗaga murya ba, "wayar ta daina ji da kunnenta, sai da ɗan maɓallin da ke igiyar. Wanda ka ajiye a bakinka. 'Yan aji uku sun san wannan. Kai da kake sayar da su kullum."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta duba wayarta.

"Saura minti goma sha biyu. Yaya, jona jitarka."

Ta kife bokiti a gaban amfilifaya, ta jingina wayarta a kai, tazarar tafin hannu daga sifika, ta ɗan kauce gefe. Yaya da kansa ya rage ƙara zuwa yadda yake bugawa a gida. Tela ya tsaya da inuwarsa ya kare shi daga rana. Iya ta kalli firizarta, ta kalli Yaya, ta sunkuya ta zare filogin da hannunta.

"Saura ƙara ɗaya a gidan nan," ta ce.

Duk suka juya suka kalli Injiniya.

"Ni fa zan iya ba da shawara a kan..."

Baba Maigadi ya tasa shi gaba da sanda har ƙofar gida, ya tura shi waje, ya rufe, ya sa sakata. "Yau za ka ga gadi," ya ce ta cikin ƙofar.

Haka Injiniya ya tsaya a bakin titi, iyafis na reto a wuyansa. Sai kiɗan ya taso ta saman katanga, a sarari, mai sanyi, kowace tsirkiya da muryarta. Tun safe ake buga wannan kiɗa a ɗakinsa, amma sai yanzu ya ji shi. Ashe haka mutumin nan ya iya. Wani mai keke ya tsaya ya sauke ƙafa yana saurare. Injiniya ya jingina da bango, bai ce uffan ba har minti uku, abin da bai taɓa faruwa ba.

Huɗu saura minti huɗu Malama ta tura, ta haɗa da gajeren ban haƙuri cewa na farko kuskure ne. Aka zauna jira. Huɗu ta yi, ta gota. Babu wanda ya koma ɗaki, babu kuma wanda ya buɗe wa Injiniya. Ya manna ido a tsagin ƙofa yana hango Yaya zaune a kan amfilifaya, ya haɗa tagumi. 

Huɗu da rabi wayar Malama ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Ta danna, ta ɗaga kowa ya ji.

"Assalamu alaikum. Na samu saƙo biyu," in ji shugaban makaɗa, ana jin dariyar mutane a bayansa. "Na biyun, ki gaya wa mai jitar ya zo Litinin ƙarfe tara da kayansa. Tun a minti na farko na san shi nake nema, ban ma ƙarasa ba. Na farkon kuwa, don Allah wane ne wannan mutumin? Sau biyar muka saurara. Mai gangarmu har ya faɗo daga kujera."

Yaya ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Malama ta durƙusa ta riƙe shi tana kuka tana dariya. Iya tana ta Allah ya sa albarka, Tela yana bubbuga bayan Yaya har yana neman kifar da shi. Da Yaya ya samu kansa, ya share ido ya kalli ƙofa.

"Baba, a buɗe masa. Ya sha rana."

Baba Maigadi ya zare sakata ba da son ransa ba. Injiniya ya shigo sumui-sumui, kai a ƙasa, ya zo gaban Yaya ya tsuguna. Ya ce, "Yaya, ka yafe min." Yaya ya kama hannunsa ya ɗaga shi ya ce ba komai, ai ya ji addu'ar da ya yi masa, duk gidan ma sun ji. Mutane suka yi dariya, shi ma ya ɗan yi. Ya share zufa, ya gyara wuyan rigarsa da Tela ya yamutsa. Numfashinsa ya dawo daidai. Ya kalli Malama ta gefen ido, ya yi gyaran murya.

"Amma dai kin ji abin da mutumin ya ce ko?"

"Me ya ce?"

"Nawa sau biyar suka saurara. Naki ko ƙarasawa bai yi ba."

Malama ta kalli Baba Maigadi. Tsohon ya sake ɗaukar sandarsa, ya je ya buɗe ƙofa.